Tsakanin Asibiti Biyu

Ma'aikata biyu suka turo gado mai taya har gefen matar Maƙeri, ko sallama babu. Ɗaya ya kai hannu zai sauke ledar ƙarin ruwa.

Maƙeri ya miƙe. Dogon tsoho ne, bai saba a taɓa nasa ba a tambaye shi ba.

"Kai yaro, cire hannunka. Ina za ku da ita?"

"Asibitin gwamnati, Baba."

Wannan asibitin na kuɗi ne. Ya kawo ta nan don kowa a unguwa na cewa da wuya ka ga an fito da gawa daga cikinsa. Jiya ta roƙe shi kada a ƙara ɗaga ta, ƙasusuwanta sun gaji. Ya ce mata ba mai ɗaga ta. Shi kuwa bai taɓa yin magana ya janye ba.

Nas ɗin da ke kula da ita ta shigo da sauri.

"Baba, can sun fi mu kayan aiki."

"Da muka je can, cewa suka yi ku kuka fi su. Sauƙi ta samu, ko jikin ne ya yi tsanani?"

Nas ta ja shi gefe, ta rage murya.

"Masu dubawa na tafe. Kowane asibiti auna shi suke: nawa suka shigo, nawa suka fita da ƙafarsu. Wanda ya cika a gadonmu, a kanmu yake. In abin ya yi yawa, kamfanin inshora ya daina turo mana marasa lafiya, mu kuma a sallame mu."

Maƙeri ya san awo. Ƙarfe ake aunawa kafin a yanka. Wannan awon bai gane kansa ba.

"Ku ke kashe su?"

"Haba Baba!"

"To don me zai zama a kanku?"

Kafin ya juyo, an riga an ɗaga matar. Nishinta ya ji. Bai iya duban fuskarta ba.

Rana ta take lokacin da motar asibiti ta tsaya a ƙofar na gwamnati. Wani matashin likita ya fito, ya leƙa cikin motar, ya saurari ƙirjinta, ya yi tsaki.

"Kullum haka suke mana. Sai sun ga abu ya zo gargara, sannan su tuna muna da kayan aiki."

"Likita, ka karɓe ta ko ba ka karɓe ta ba?"

"Babu gado, Baba."

"Ga baranda can, fili fetal."

"Da can muna kwantar da mutane a wurin. Yanzu an hana. Duk wanda aka gani a baranda, maki ake rage mana. Ku jira a mota. In gado ya samu, zan aiko."

"Yaushe gado ke samuwa?"

Likita ya dube shi, ya gyara rigarsa, ya koma ciki.

Maƙeri ya juya ga direba.

"Mayar da mu inda ka ɗauko mu."

"An sallame ku, Baba. Ina jin har an sa wani a gadon."

"To kai mu gida."

"Motar nan daga asibiti sai asibiti. Akwai na'ura a jikinta mai kai rahoton duk inda na bi. Ko fitsari na tsaya yi, sai na yi bayani a ofis."

"To yanzu a hannun wa take?"

Direba ya sosa ƙeya.

"Can sun ce ta fita. Nan sun ce ba ta shigo ba."

Maƙeri ya daɗe yana juya maganar. Bai samu bakin zarenta ba. Ya sa direba ya matsa da motar ƙarƙashin wata bishiya, ya shiga ya zauna kusa da matarsa, yana mata fifita da hularsa.

"Maigida," ta ce, idonta a rufe, "wane asibiti ne wannan? Babu hayaniya."

"Yi barcinki."

Ta yi. Rabonta da barci irin wannan tun kafin ciwon ya kwantar da ita. Ya fito a hankali, ya tura ƙofar don kada haske ya dame ta.

Bayan inuwa ta juya, aka turo wani gado daga ciki, an lulluɓe mai shi har kai. Wata mata na biye, tana rungume da takalmansa. Maƙeri ya bi su da kallo har suka sha kwana.

Sai ga wani ma'aikaci a bakin ƙofa, yana ɗaga hannu.

"Ina masu jiran gado? An samu!"

Direba ya yi wuf ya sauko.

"Baba, mu yi maza mu ɗaga ta, kafin a ba wani."

Maƙeri ya leƙa ta gilashi. Numfashinta na fita a hankali, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kumatu.

"Baba, magana ake."

Hannunsa na kan mariƙin ƙofar. Bai buɗe ba, bai kuma saki ba.