Ƙofar Da Ta Karkace

Tun da maigidana ya fito daga gidan yari bai taɓa shigowa ɗakina ba sai na kira shi. Zai zo bakin ƙofa ya tsaya, hannuwa a baya, ido a ƙasa, kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya. Ni kuwa ina ciki, na sha turare, na ɗaura ɗankwalin da yake so, ina jira kamar amarya. In na yi shiru, sai in ji takunsa yana komawa.

Duk shekarun da na yi ina jiransa ban yi irin kukan da na yi a kwanakin nan ba.

"Ke dai akwai son wahala," in ji Yayata, tana ninke min kaya ba tare da na sa ta ba. "Miji ne wannan ko maigadi? In ya gaji da ke ya faɗa mana. Ɗakinki na gida yana nan."

Na roƙe ta ta ba ni zuwa gobe.

Da safe na tafi gidan yarin, na nemi ganin tsohon ganduroban da ya koya wa maigidana aikin kafinta, wanda fursunoni suke kira Baba Zarto. Ya fito da garin katako a kafaɗar kakinsa, ya ja min benci a ɗakin masu ziyara. Ban gama magana ba hawaye suka riga ni.

"In ya tsaya, hannunsa a baya yake sawa?" ya tambaye ni.

Na gyaɗa kai.

"'Yata, ba ke yake gudu ba. A nan ciki ɗaurarre ba ya taɓa ƙofa. Ko a buɗe take, sai ya tsaya an ce masa shiga. Mijinki kuwa ya fi kowa bin doka. Kin ga ƙofar da kika shigo ta cikinta? Shi ya haɗa ta, amma bai taɓa tura ta ba."

Na juya na kalli ƙofar.

"To Baba, haka zan yi ta ce masa shiga har mu tsufa?"

"Wato so kike ki ƙwace min aiki. Ganduroba ɗaya ya ishe shi." Ya yi murmushi, ya rage murya. "Ki je ki sassauta kusoshin da ke riƙe da ƙofarki daga sama. Wanda ya koyi aiki a hannuna ba zai ga ƙofa a karkace ya wuce ba. Da na ara miki abin kwancewa, amma kayan aikinmu ba sa fita. Wuƙar girki ma ta isa."

Na durƙusa zan yi godiya, ya ce in tashi kada abokan aikinsa su zaci kawo ni aka yi. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ya jiƙan mahaifansa.

Da la'asar ƙofata ta rataye kamar fiffiken da ya karye. Na zauna bakin gado, na cije leɓe don kada "shigo" ta kuɓuce min. Takunsa ya zo, ya tsaya. Can sai na ji ɗan tsaki.

"Wa ya yi wa ƙofar nan haka?"

Ya sa kafaɗa ya ɗaga ta, ya turo, ya zagayo ta ciki yana shafa ramukan kusoshin da yatsa, yana mitar aikin banza. Sai da ya waiwayo neman abin ɗaurewa ya ga inda yake tsaye: tsakiyar ɗakina, a kan dardumata, da takalminsa.

Hannuwansa suka fara komawa baya. Na miƙe na kama su duka biyun, na riƙe gam.

"Uwargida, za ta faɗo fa," ya ce.

"Ta faɗo," na ce. "Ai akwai kafinta a ciki."