Bugu a Tafin Hannu

Tun jiya da la'asar ɗan bai motsa ba. Ciki wata tara, yaron da ya saba harbinta a haƙarƙari duk sanda ta taka keken ɗinki ya yi tsit. Tela ta bar rigar mutane a kan keke ba hannu ɗaya, ta ja yayarta zuwa asibiti, ko da yake ranar awonta sai jibi.

Kurma ce tun tana goye. A fuskar mutane take jin magana, su kuwa ma'aikatan ɗakin awo, Allah ya sani, ba su cika bai wa fuska aiki ba. A cikinta na fari, kan irin wannan gadon aka yi ta zance a kanta, kowa ya san ɗan ya koma sai ita mai cikin. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ungozomar da ke aiki ran nan ita ce wadda mata ke kira Ba-wasa. Ta gwada jini, ta danna ƙafa, ta shafa mai mai sanyi a cikin, sannan ta ɗora na'urar jin bugun zuciya. Ta kai dama, ta dawo hagu, ta gangara ƙasa. Tsoro ya kama Tela. Da ta ga ba abin da za ta samu a fuskar Ba-wasa, sai ta kafe yayarta da ido.

Can Yaya ta toshe baki, hawaye shar.

Tela ba ta nemi bayani ba. Ta juya ga bango ta runtse ido, kuma kurma in ta rufe ido ta kulle ƙofa ke nan. Ga ɗaki ya cika da bugun zuciyar yaro, har na gadon kusa suna murmushi, uwar kuwa tana makoki. Yaya ta girgiza ta, ta ja mata zani, a banza.

"Baiwar Allah, matsa," in ji Ba-wasa. "Kukan murnarki ya kashe mata ɗa."

Ta kamo hannun Tela ta buɗe yatsun da ƙyar. Da ɗan yatsa ɗaya ta shiga buga mata tsakiyar tafi, sauri-sauri, tana bin na'urar daidai. Ba ta tsaya ba.

Tela ta daɗe a haka, ido rufe. Sannan ta damƙe yatsan, don kada a daina.