Takalman Ubale

Duk wanda ya taɓa aski a shagon Ubale da ke unguwar Yara ya san takalman nan. Suna rataye a ƙusa saman madubi, baƙaƙe wul, kullum sai ya goga musu mai. Ya ce da su ya yi wa ƙungiyar wata masaƙa a Kaduna wasan ƙwallo, tun kafin 'yancin kai har bayansa, ana ba shi albashi don buga ƙwallo kawai. Mu dai a Keffi ba wanda ya taɓa ganin sa a fili. Abin da muka sani tumbi ne da almakashi.

Mai tsokanarsa shi ne Oladipo bakanike, da ake kira Baban Wale, wanda garejinsa ke unguwar Liman Abaji. Yana kan kujerar aski ma bakinsa ba ya hutawa.

"Oga Ubale, ni fa a Kaduna na koyi aiki, kowace Asabar ina filin nan, ban gan ka ba. Wanda na sani a ƙungiyar wani siriri ne marar takalmi. In zai buga fanareti, sai ya tara ƙasa da babban yatsan ƙafarsa, ya ɗora ƙwallon a kai. Wannan kam ɗan wasa ne."

Sai Ubale ya ci gaba da aski. Muna dariya, amma ni yana ba ni tausayi, don mutumin ba shi da wata dukiya sai sunan nan da ake neman ƙwace masa. Lokacin kuɗin mai sun shigo, ko ɗan firamare kambas yake sawa, tafiya ba takalmi ta zama ƙauyanci.

Da bikin 'yancin kai ya zo, aka haɗa wasan tsofaffi, Yara da Liman Abaji. Oladipo ne golan Liman Abaji. Ubale ya sauko da takalman, ya ɗaure su tamau, ya shiga fili yana tafiya kamar agwagwa. Ƙwallon farko ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Na biyu ya kai masa duka, ya zame, ya zauna daɓas. Har mai sayar da rake sai da ya riƙe ciki.

Ana dab da tashi aka ba Yara fanareti. Muna ta roƙon a ba wani, Ubale ya riga ya rungume ƙwallon. Ya dubi jama'a, ya dubi ƙafafunsa, sai ya zauna a ƙasa ya kwance igiya. Ya ajiye takalman gefe, ya miƙe, ya tara ƙasa da babban yatsa, ya ɗora ƙwallon.

Oladipo ya sauke hannuwansa. Ko motsi bai yi ba har ƙwallon ya wuce ta gefen kunnensa.

Mutanen unguwarsa suka yi masa ca, bai kula su ba. Ya tako ya ɗauki takalman, ya juya su. Ban da ƙasar yau, ko ƙwarzane babu.

"Oga, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ranar da na bar wasa suka ba ni su, Baban Wale," in ji Ubale, idonsa a ƙasa. "Kunya nake ji a ce shekarun nan duka da ƙafar Allah na yi su."

Oladipo bai mayar masa da takalman ba. Shi ya riƙe masa su har shago, yana tafe a bayansa.