Hannun Andrawus

Na bar makaranta a aji huɗu. Na yi karen mota a hanyar Kaduna zuwa Tegina, na yi tallan rake, na yi wa wani tela guga, babu inda na zauna har gumina ya bushe. Shekarar da aka gama yaƙin basasa wani direba ya ga na kayar da ɗan kamasho a tashar Birnin Gwari. Ya ce idan faɗa nake so in tafi wurin Baba Labaran in koya, in daina ɓata hannuna a haƙoran mutane.

Wurin Baba Labaran yana cikin daji bayan Kuyello, inda hanyar mota take ƙarewa mutum ya ci gaba da ƙafa. 'Yan bukkoki ne a gefen rafi, da wata babbar ɗorawa da aka rataye buhun yashi a reshenta. Baba tsohon ɗan dambe ne, jinin mahauta, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Yakan tara samari idan aikin gona ya lafa, kafin kaka. Idan an fara girbi sai ya ɗebi waɗanda suka isa ya shiga ƙauyuka da su yawon dambe. Sauran kowa ya koma gidansu.

A wurinsa zare ne yake nuna matsayin mutum. Sabon zuwa ƙyalle kawai ake naɗa masa, ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya daki buhu har fatar yatsunsa ta saɓule ta sake tsirowa. Wanda ya iya tsayawa a fili da hannun kariya kaɗai, manya suna kawo masa duka bai faɗi ba, sai a ba shi farin zare. Wanda ya kayar da mai farin zare a gaban Baba, a ba shi ja. Baƙin zare kuwa sai ka tsaya turmi uku da Jumare, wani dogon Bafulatani da ya bar kiwo ya zama babban yaron Baba, ba tare da gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa ba. Masu baƙin zare kaɗai ake tafiya da su.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta fi duk waɗannan nauyi. Mutum ba ya iya ɗaure hannunsa da kansa, don haka ranar da ka zo Baba zai haɗa ka da wani, ya zama abokin ɗaurinka. Kai ka ɗaure masa, shi ya ɗaure maka, ba a canzawa har ka bar dambe. Abin da ka gani a hannunsa ba ka faɗa wa kowa, ko Baba da kansa, don Baba ya ce ɗan damben da ake zancen hannunsa a gari an riga an kayar da shi. Abu ɗaya kake da iko da shi: ranar gwaji kana iya ajiye zaren a ƙasa ka ƙi ɗaurawa. Babu mai tambayarka dalili. Amma ku biyun za ku sauka mataki guda, sai shekara ta zagayo.

Ni da Andrawus aka haɗa. Manomi ne daga wani ƙauye kusa da Kutemeshi, gajere, mai faɗin kafaɗa, yana Hausa kamar ni amma idan naushi ya shige shi da Gwaranci yake zagi. Karen mota yake kirana. Ya ce hannuna kamar na matar joji, bai san abin da zai ɗaure a ciki ba. Na ce nasa kamar saiwar doya, ko an ɗaure ko ba a ɗaure ba duk ɗaya. Idan na shimfiɗa buzu zan yi salla yakan kore min kaji, ranar Lahadi kuma ni nake ɗebo ruwansa ya samu ya yi addu'arsa a bayan bukka. A shekarar farko tare muka sami farin zare, tare muka sami ja. Ni da sauri na samu, shi da nauyin hannu. Na taɓa ganin ya daki buhun nan reshen ɗorawa ya zubo da ganye.

Da muka dawo shekara ta biyu ya gaya min wannan ce ta ƙarshe. Mahaifinsa ya rasu da rani, an bar shi da mahaifiyarsa Lydia da ƙanne ƙanana, kuma babu wani mai riƙe garma a gidan sai shi. Da kyar ta bar shi ya zo, bayan ya yi mata alkawarin ko ya samu ko bai samu ba, ba zai sake ba. Abin da yake so bai fi a buga masa kalangu sau ɗaya a filin Kutemeshi ba, da baƙin zare a hannu, mutanen garinsu suna kallo. Bayan haka, in ji shi, ya koma doya har ya mutu.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. Muna gwada hannu da yamma, ya kai wa wani yaro naushi, yaron ya kare da gwiwar hannu. Ban ji ƙara ba. Na dai ga Andrawus ya yi dariya ya juya baya, kuma ba ya dariya idan yana fili. Da na zo kwance masa zare, sai na ga bayan hannun ya kumbura tun daga gindin ɗan yatsan tsakiya har wuyan hannu. Na danna a hankali. Wani abu ya motsa a ƙarƙashin fata, kamar karan dawa da ya tsage bai rabu ba.

Ya ce targaɗe ne. Na ce na taɓa ganin hannun da ƙofar mota ta datse, kuma haka ya yi. Ya ce to in riƙe sanina, ai na san ƙa'ida.

Daga ranar ya daina dukan buhu da dama, ya ce wa Baba yana gyara hagunsa ne. Baba ya kalle shi, ya kalle ni, ya wuce. Da safe Andrawus yakan tsoma hannun a rafi har ya mutu da sanyi, da yamma in shafa masa man kaɗe da ɗumi. Kumburin ya ragu, amma ƙashin bai daina motsi ba. Da hagu yake cin tuwo idan ya juya wa mutane baya. Na roƙe shi mu je wurin mai ɗori a Kutemeshi, ya ce mai ɗori zai sa masa karare, wanda aka sa wa karare kuwa ba ya shiga fili. Na ce naushi ɗaya a kan goshin Jumare zai raba ƙashin biyu. Ya ce in ɗaure da ƙarfi, zare zai riƙe. Na ce zare ba ya riƙe abin da ya tsage daga ciki. Ya ce tun yaushe karen mota ya zama likita.

Ni ma ina son baƙin zaren nan. Shi ne abu na farko da na fara na kusa gamawa, kuma na san idan na koma tasha da farin zare ba zan ƙara dawowa dajin nan ba. Gwajina ma ranar ne, bayan nasa.

Ranar gwaji aka share fili a ƙarƙashin ɗorawa da hantsi. Makaɗi ya zo daga Kuyello. Jumare ya riga ya ɗaure, yana zagaye fili yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Baba ya zauna a kan turmin daka da aka kifa, ya kira sunan Andrawus.

Andrawus ya zauna a gabana ya miƙo hannu. Na naɗa ƙyallen. Da na zo kan wurin, sai na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsatso masa a leɓe, alhali ƙyalle ne kawai, ban ja ba. Na ɗauki jan zaren na riƙe. Na tuna da garma, da yadda mai huɗar doya yake ɗaga ta sama da kai ya sauke da hannu biyu.

"Maliki," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Ɗaura. Hannuna ne."

"Na ƙannenka ne kuma."

"Kada ka sa su a ciki. Ɗaura kawai, in ya karye ba kai ka karya ba."

Na ajiye zaren a ƙasa tsakanin ƙafafunmu.

Kiɗa ya tsaya. Baba ya taso ya zo, ya duba zaren, ya sunkuya ya ɗauka. Bai tambayi komai ba. Ya miƙo min hannu, na kwance nawa jan zaren daga ƙugu na ba shi. Ya ce daga yau mu biyun masu farin zare ne, sai baɗi in da rai. Ya juya ya kira na gaba.

Na miƙe zan warware ƙyallen, Andrawus ya fizge hannunsa. Shi ma ya miƙe. Idanunsa sun yi ja, yana magana da Gwaranci, ban ji ko ɗaya ba sai sunan mahaifinsa. Na san abin da zai yi kafin ya yi, don na san yadda kafaɗarsa take sauka idan zai kawo dama. Da na kauce, da iska ya daka. Amma shekara biyu Baba yana koya mana kada mu kauce wa naushi da baya, mu sunkuyar da kai mu tare shi da goshi, inda ƙashi ya fi tauri. Jikina ya yi abin da aka koya masa.

Wannan karon kowa ya ji ƙarar.

Na faɗi zaune, jini yana zubo min a ido. Shi bai faɗi ba. Ya tsaya yana kallon hannun, wanda ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, wani farin abu ya huda ƙyallen. Jumare ne ya kama shi kafin ya kai ƙasa.

Ni da Jumare muka kai shi Kutemeshi, muna karɓa-karɓa a baya, ta cikin ciyawar da ta fi mu tsawo. Mai ɗori ya warware ƙyallen, ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙashin ba biyu ya rabu ba, ya farfashe ne. Ya ja, ya jera abin da ya jeru, ya sa karare. Na tambaye shi a waje, da an ɗaure hannun da zare an shiga fili da shi, da zai kai haka? Ya ce wataƙila zare ya rage, wataƙila kuma goshin wancan dogon ya fi nawa tauri. Ya ce shi ɗori ya iya, bai iya abin da bai faru ba.

Mahaifiyarsa ta zo ta same ni zaune a ƙofar gidan mai ɗori da tsumma a goshi. Ta tambaya ko ni ne abokin nasa. Na ce ni ne. Ta kawo min ruwa a ƙwarya.

Na koma wurin Baba bayan kaka, da suka dawo daga yawo. Na tambaye shi ko zai haɗa ni da wani. Ya juyo min da kunnensa mai ji, ya sa na maimaita, sannan ya ce ba a canzawa, na sani tun ranar da na zo. Idan Andrawus zai iya ɗaure min, fili yana nan. Ya ba ni farin zarena da na Andrawus, ya ce in kai masa, hakkinsa ne.

Ban kai ba sai da ruwan farko ya sauka. Na yi rani a tasha ina lodi, zaren yana cikin aljihuna. Na same shi a gona shi kaɗai, ƙannen suna can gefe suna tsintar duwatsu. Ya rame. Hannun ya warke a karkace, yatsu uku sun kanannaɗe ba sa buɗewa ba sa rufewa. Yana ɗaga garma da hagu, yana tokare ƙotar da wuyan hannun dama, kuma duk saukewa sai ta zame ta kwanta a gefe. Abin da ya huɗa tun safe bai kai abin da da yake yi kafin ya sha kunu ba.

Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce ya ba ni garmar. Ya ce karen mota bai san kan kunya ba, zan ɓata masa gona. Na ce zan koya. Ya ce in koya a gonar ubana.

Na fito da zaren na miƙa masa, na ce Baba ya ce hakkinsa ne. Ya tsaya yana haki, yana kallon farin zaren a tafin hannuna. Na ɗauka zai jefar. Sai ya ɗora hannun nan a kan ƙotar garma, ya tura ta tsakanin yatsun da suka kanannaɗe, ya miƙo min su tare.

"Ɗaura," ya ce. "Da ƙarfi. Yanzu babu abin da ya rage da zai karye."

Na durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa na naɗa zaren, daga wuyan hannu zuwa yatsu, in zagaya ƙota in dawo, yadda na saba. Na ja har fatar ta yi fari, na ƙulle. Ya gwada nauyin garmar, ya ɗaga ta sama da kai, ya sauke. Ta shiga ƙasa. Ya ciji leɓe, ya matsa gaba, ya sake ɗagawa.

Na bi bayansa ina fasa hoge da ƙafa, don idan rana ta yi tsaka dole a sami wanda zai kwance masa ya ci abinci.