Nauyin Tsinke

Inna ta yi shekara talatin tana auna jarirai a asibitin unguwarmu, shi ya sa ba ta yarda da bakin mutum kamar yadda ta yarda da sikeli ba. Da muka je sashen kaya na filin jirgin sama karɓar gawar Yaya, ma'aikacin wurin ya miƙo takarda ya nuna mata inda za ta sa hannu. Ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta gyara tabarau ta bi layi-layi da yatsa har ta tsaya a kan nauyi: kilo ɗari da arba'in da ɗaya.

Ta tambaye shi nawa akwatin yake idan babu kowa a ciki. Mutumin nan, biro uku a aljihu amma babu mai rubutu, ya dube ni kamar ni ce zan cece shi. Na ce masa ya amsa mata kawai, ni ma ban isa ba. Ya je ya leƙa jikin akwatin ya dawo ya ce hamsin.

"To ba ɗana ba ne," in ji Inna. Ta mayar masa da takardarsa.

Wallahi ni ma lissafin ya kama ni. Yaya fa shi ne wanda gida duka ke kira Tsinke. Ranar da zai tafi aiki ƙasar waje, shekara goma sha bakwai ke nan, Inna ta ɗora shi kan sikelin ɗakinta, kilo hamsin da shida cif. Tun daga lokacin duk wayar da zai yi, tambayarta ta farko ko ya ci abinci. Shi kuma ba ya son hoto, ɗaya tilo yake turowa, na ranar da ya sauka, wuya kamar na zakara. Ina aka samo ƙarin kilo talatin da biyar?

Inna ta ce a buɗe ta gani. Ma'aikacin ya ce an yi wa cikin akwatin rufin kwano an liƙe da walda, dokar lafiya ta hana buɗewa, kuma in ba a sa hannu kafin a tashi aiki ba sai a mayar da shi ɗakin sanyi. Ta ce a mayar. Ba za ta kwantar da ɗan wasu kusa da kabarin Baba ba, nata kuma yana can wata ƙasa ba a san inda aka kai shi ba. Raina ya ɓaci. Sati uku ina safa da marwa tsakanin ofisoshi, ga mota a waje, ga kabari an haƙa. Duk da haka na zagaya akwatin sau biyu ina tunanin ko kayan aikinsa suka cusa masa a ciki.

Ana cikin haka abokin zaman Yaya ya iso. Shi ya rako gawar, sai aka tsare shi wajen binciken jaka. Wani dogon mutum ne mai sanyin magana. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata ta'aziyya, da ya ji abin da ake ciki sai ya zaro waya ya nuna mana wani ƙaton mutum mai kumatu da tumbi yana dariya a bakin injin. Ni na ga kunnuwan Yaya. Inna ta ce ta ga hoto, amma hoto ko nata aka ba yaran yanzu sai su yi mata gemu.

Sai ta ce ya buɗe jakar mamacin. Ya buɗe a nan kan siminti: riguna manya-manya, takalmin aiki, kwalbar magani. Ta ture su duka ta jawo wani tsohon bel na fata. Na Baba ne, na gane kan ƙarfen. Da Yaya zai tafi ya yi masa yawa, Inna ta gasa ƙusa a wuta ta ƙara masa huda uku, ina tsaye ina riƙe mata. Ga su nan baƙi ƙirin, a karkace.

Ta bi bel ɗin da babban yatsa. Kowace huda da shatin ƙarfe a gefenta, ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Daga nan an ɗinka ƙarin fata mai wani launi, tsawon tafin hannu, ita ma da huda biyu da suka sha aiki.

Abokin ya ce sun sha ce wa Yaya ya sayi sabo ya ƙi. Ya kuma hana kowa tura hotonsa gida, wai yana so ranar da ya dawo ya hau sikelin Inna ba zato, ya ga yadda za ta yi da fuska.

Ni kam hawaye ya riga ya ci ƙarfina.

"Ashe da gaske yake ci," in ji Inna. "Ni kullum na ɗauka faɗa kawai yake don hankalina ya kwanta."

Ta naɗe bel ɗin ta sa a jakarta. Ta ce wa ma'aikacin kafin ta sa hannu a ɗora mata akwatin kan babban sikelin da ke bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai yi musu, na harare shi, ya kira mutanensa. Suka ɗora, ta matsa kusa, ta jira lambobin suka daina rawa.

"Na gani, Tsinke," ta ce. "Sauko mu tafi gida."