Notin Motar Baba Inci

"Ɗago ni in ji da kyau," in ji Baba Inci. "Me ka ce ka yi wa motata?"

Dogo bakanike ya gyara wa tsohon filo. Da safe likita ya ce a mai da Baba gida, babu sauran abin yi. Shi ya sa Dogo ya rufe garejinsa ya shigo gidan maƙwabcin nasa, don akwai maganar da ta shekara huɗu tana cin sa, kuma yana tsoron tsohon ya tafi bai yafe masa ba.

"Baba, ranar da ka sa ni ɗaure kan inji, noti ɗaya ya ɓace mini. Na ɗauko na milimita na sa. Ya ƙi shiga, na bi shi da sufana da ƙarfin tsiya har zaren ƙarfen ya cinye. Shi ya sa take zafi tana mutuwa. Na yi shiru, na bar ta ta zama ɗakin kaji."

Motar ta girmi Dogo nesa ba kusa ba. Tun da ta lalace take lulluɓe da tamfol a tsakar gida, ita da a da Baba yake gogewa kullum kamar amarya.

Dariya ta ƙwace wa tsohon, tari ya biyo baya, har 'yarsa ta leƙo a firgice.

"Sai yau? Ai a ranar ina banɗaki na ji kukan ƙarfen! Sau nawa zan gaya maka? A da kowace masana'anta da nata zaren. Da aka daidaita ma, na Ingila inci, na Amurka inci, amma tsinin zarensu bai zo ɗaya ba. Balle milimitarku ta jiya-jiya."

Dogo ya ji karatun nan ya fi sau ɗari, daga nan ma sunan Baba Inci ya samo asali. Yau ne kawai ya yi masa daɗi.

"Miƙo gwangwanin can na kan taga," in ji Baba.

A ciki akwai ƙarfe da notinsa, naɗe a tsumma mai maiƙo. Baba ne ya yanka zaren da hannunsa, tun a makon da abin ya faru.

"To me ya hana ka sawa, Baba?"

"Wanda ya ɓata shi zai gyara. Jira nake ka buɗe baki. Ka kusa makara, ja'iri. Na yafe, tashi ka ba ni wuri."

Dogo ya kori kaji, ya yaye tamfol, ya duƙufa. Da ya zo kan notin, da yatsa biyu ya murza shi, ya tafi sumul har ƙasa. Ya zauna a kan taya ya share ido.

Kafin rana ta faɗi injin ya yi tari sau biyu, ya kama. 'Yar Baba ta buɗe taga. Tsohon ya lumshe ido yana saurare, yatsansa na bin bugun injin a kan bargo.

Washegari da hantsi Baba ya cika, cikin sauƙi, kamar mai gyangyaɗi.

Bayan an watse daga zaman makoki, Dogo ya ɗauraye gwangwanin, ya mayar da shi kan taga inda ƙura ta bar zanen gindinsa.