Taƙi Biyu na Ƙasa

"Ba nan ba, Malam Daudu. Ko'ina ka so kafa turkenka, amma ba nan ba."

Armaya'u ne ke magana, tsohon mai haƙar rijiya na Dogon Baushe, yana dogare da dagi a tsakiyar wani fili da ke yamma da gari. Labaran mahauci, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, ya biyo shi ne kawai don kada tsohon ya faɗi a hanya, saboda ƙafafun sun fara gardama.

Malam Daudu bai ɗago daga takardar da ya shimfiɗa a gwiwa ba. Mutumin Safana ne, bai daɗe da dawowa daga makarantar safiyo ba, ga gajeren wando, ga fensir a maƙale a kunne. Ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Illarsa ɗaya, abin da ba a zana a takarda ba, a wurinsa babu shi a duniya.

A wannan shekara, ta uku bayan sojan Bama sun dawo gida, aka zo da maganar sake tsara garuruwan da ke tsakanin Batsari da Safana. Za a fitar da layuka miƙaƙƙu, a gusar da kasuwa, a rufe tsohuwar maƙabarta domin bincike ya nuna ruwan damina yana gangarowa daga cikinta zuwa rijiyoyin gari. Armaya'u bai yi musun wannan ba ko kaɗan. Shi da kansa ya yi shekaru yana faɗin haka a ƙofar masallaci, ba wanda ya kula sai da Bature ya faɗa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne inda aka zaɓa a yi sabuwar.

"Baba," in ji Daudu, "Bature ya duba hoton da jirgin sama ya ɗauka. Duk kewayen garin nan, nan kaɗai ne babu gonar kowa. Ba a taɓa haƙƙin mutum ko ɗaya ba."

"To ka tambayi kanka mi ya hana a nome shi? Mutanen garin ga da ke faɗa kan kunya guda, su bar fili haka don kirki?"

Tsohon ya ɗaga dagin da hannu biyu ya caka. Ƙarfen ya shiga kaɗan, ya yi ƙara, ya dawo.

"Ka ji? Fa ne, dutse kwance ƙarƙashin ƙasa. Taƙi biyu ka isa gare shi, wani wurin ma ɗaya da rabi. Daga nan har gindin dutsen can shimfiɗa guda ce. Rijiya arba'in da ɗaya na haƙa a ƙasar ga, na san inda take da ciki da inda ba ta da shi. Ku koma gabas, bayan marina, can akwai jar ƙasa gaba uku."

"Can an ware wa ɗakin shan magani, Baba. Taswira ta riga ta je birni ta dawo da hatimi."

Labaran ya dubi turakun da lebura suka kafa. Ko su ba su shiga ba, da duwatsu aka tottokare su don kada su faɗi. Ya nuna wa Daudu. Daudu ya duba, ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya naɗe takardarsa.

Baturen tsarin gari ya zo sau ɗaya bayan haka. Ya leƙa ta na'urar hangensa mai ƙafa uku, ya yaba yadda layukan suka miƙe. Da aka fassara masa maganar Armaya'u, ya yi murmushi, ya tambaya a wace makaranta tsohon ya karanci ƙasa, ya rubuta wani abu a ƙaramin littafi, ya hau mota. Kashegari aka kewaye tsohuwar maƙabarta da waya, aka yi shela cewa duk wanda aka binne a wajen sababbin turaku, hukuma za ta sa a tono shi.

Cikin wata biyun da suka biyo baya jarirai biyu suka rasu a garin. Kabarin jariri ba ya son zurfi, aka lallaba aka rufe su. Sai mai gari ya aika da rahoto cewa sabuwar maƙabarta tana aiki ba matsala. Ranar da Labaran ya ji wannan magana yana cikin sarar ƙashi a rumfa, sai da ya tsaga icen da yake sara a kai.

Da bazara ta kama, ciwon ƙirji ya kwantar da Armaya'u. Labaran yakan shiga da yamma da ɗan romo a kwano, ya tarar da shi a kan tabarma a zaure, matarsa Hansai tana daga ciki tana dakan sassaƙen magani. 'Ya'yansu mata biyu suna aure a Wagini, namiji kuwa Allah bai bar musu ba.

Wata Laraba tsohon ya ture kwanon, ya kama hannun Labaran.

"Labaran, mutuwa ba ta dame ni ba. Na shiga ramin da ya fi kabari zurfi sau ba adadi. Abu guda nika roƙonka. Kada ka bari a ɗora ni bisa fa kamar shanya. Kura na saukowa daga dutsen can, ka sani."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Za ka tashi."

"Ka dai ce ka ji."

"Na ji, Baba. In Allah ya so ba za a yi haka ba."

Armaya'u ya cika ranar Asabar da hantsi, Hansai na riƙe da kansa. Kafin liman ya gama yi masa wanka, Labaran ya riga ya tara majiya ƙarfi shida da diga da dagi sun nufi yamma. A ransa yana cewa fili mai girman wannan ba zai rasa wani lungu mai ƙasa ba, tsoho ma ai yana iya kuskure.

Tsohon bai yi kuskure ba. Wuri na farko, taƙi biyu suka isa fa. Na biyu, ko haka bai kai ba. Suka koma kusurwar kudu, suka koma ta arewa, suka gwada gindin wata ƙaya da suke zaton saiwarta ta sami hanya. Ko'ina diga ta sauka sai ta yi tartsatsi ta dawo. Aka tara kara da itace aka hura wuta a kan fa ɗin, aka kwara masa ruwa ko zai tsage, sai ɓawo kawai ya ɓare kamar na ƙwai. Azahar ta yi, rana tana dukan tsakar kai, ramuka biyar a buɗe babu wanda zai ɓoye ko akuya.

Labaran ya yar da diga ya tafi ƙofar mai gari, ko ƙurar jikinsa bai kakkaɓe ba. Ya tarar da Malam Daudu a zaune a gefe. Ya durƙusa ya yi gaisuwa a gurguje.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ta ƙi. A ba mu izini mu kai shi bayan marina."

Mai gari ya dubi Daudu. Daudu ya dubi ƙasa.

"Ba ni da ikon canza taswira," in ji Daudu. "Sai Bature, shi kuma yana rangadi wajen Tsaskiya. Ko yanzu aka tashi mai keke, sai gobe."

"Gobe? Cikin zafin ga? Mutum ne fa, Malam, ba buhun dawa ba!"

"Labaran, yi a hankali," in ji mai gari.

"To a gonata. Ƙasata ce, gadon ubana, na ba shi."

"Ka ji shela da kunnenka. In ka sa shi can, za su zo da lebura su tono shi, ni kuma su tuɓe mini rawani. Kana son a tono Armaya'u bayan kwana uku, gari na kallo?"

Da tara ce ko ɗauri, wallahi da Labaran ya ɗauki gawar a kafaɗa ya wuce. Amma ya san mutanen nan, abin da suka rubuta sai sun yi shi, ko don kada a ce takarda ta yi ƙarya. Ya miƙe, ya kama Daudu a wuyan hannu, irin kamun da yake yi wa sa a mayanka.

"Taso. Kai ka zana ta, zo ka haƙa."

Ba wanda ya hana shi. Ya ja malamin har filin, ya danƙa masa diga a gaban jama'a. Daudu bai yi gardama ba. Ya cire fensir daga kunne ya sa a aljihu, ya shiga ramin da bai kai masa gwiwa ba, ya sara. Ya sake sarawa. A sara na goma sha wani abu tafin hannunsa ya fashe, jini ya bi ƙotar. Ya tsaya yana haki.

"Zan rubuta," in ji Daudu. "Wallahi yau zan rubuta musu."

"Rubuta," in ji Labaran. "Shi ma Baturen ai ya rubuta."

Liman ya matso ya ce la'asar ta gabato, kuma gawa ba ta jiran amsar takarda. Abin da ya samu shi za a yi.

Sai aka koma ga jakuna. Duk mai jaki a Dogon Baushe ya fito da shi, aka yi ta jigilar ƙasa a mangala daga bakin rafi, masu kwando suna bi a ƙafa. Aka share ramin da ya fi dama, aka gina masa gefe da duwatsu da laka har ya tashi kamu ɗaya a kan ƙasa. Aka yi salla, aka kwantar da Armaya'u a kan damansa yana fuskantar alƙibla, kafaɗarsa ta hagu tana daidai da bakin ramin. Labaran ne ya karɓe shi, ya ji da hannunsa yadda likkafanin ya sauka a kan dutse mai zafi. Mutumin da ya shayar da gari bakwai daga zurfin gaba ashirin, abin da aka samar masa ke nan. Aka jera itace, aka rufe da fasassun tukwane, aka tula ƙasa, aka danne da manyan duwatsu, aka lulluɓe da ƙayar farar ƙaya. Daudu yana cikin masu ɗauko duwatsun, da tsumma a hannu, ba wanda ya yi masa magana.

Rana ta yi ja sa'ad da suka dawo. Maza suka zazzauna a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Labaran ya shiga zaure don ya ɗauko tabarma, sai ya ji muryar Hansai daga bayan zanan da ya tsare cikin gida. Mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata abin da ya tsayar da su tun hantsi.

"Labaran, kai ne?"

"Ni ne, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kun daɗe. Kun dai samar mashi wuri mai zurfi ko? Ka san shi da ƙasa."

Labaran ya tsaya da tabarma a hannu.

"Mun rufe shi da kyau, Inna."

"To, alhamdu lillahi. Allah shi biya ka."

Da sassafe, bayan an fito masallaci, bai nufi mayanka ba. Ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya gangara rafi ya cika ta, ya kora zuwa yamma. Tun daga nesa ya hango tulin, shi kaɗai a tsaye a fili. Da ya matso sai ya ga sawun kura a kan sabuwar ƙasar, ya kewaya kabarin sau biyu, a wajen ƙafafu an ja reshen ƙaya ɗaya gefe. Duwatsun ba su motsa ba.

Ya mayar da reshen inda yake. Ya sauke mangalar, ya durƙusa, ya fara zuba ƙasar da tafin hannu a tsakanin duwatsun, jakin yana tsaye a gefe yana kaɗa kunne.